Me ya sa BOINC take zama ba aiki, kuma ta ina ake fara bincike?

A wani shagon gyaran wayoyi da ke Agege, wani ƙanin abokina ya ajiye tsohuwar kwamfutar tebur a ƙarƙashin kanta, ya sanya mata manhajar BOINC domin ta riƙa yi wa masu binciken kimiyya lissafi a lokutan da ba ya amfani da ita. Ta yi wajen wata biyu tana aiki lafiya, sai kwatsam jerin ayyukanta ya zama wayam. Kafin in isa wurinsa ya riga ya cire manhajar ya sake sanya ta sau biyu, ya kuma ƙona datar da ba kaɗan ba wajen sake sauke fayiloli. Da na zauna sai ya ce, "Yaya, ina ganin masu abin sun rufe ne." Na buɗe kundin da manhajar take rubuta duk abin da ya faru da ita, kuma cikin ɗan lokaci muka ga cewa babu wanda ya rufe komai. Agogon kwamfutar ne ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa, saboda haka duk saƙon da ta aika ba ya isa ko'ina.

Na kawo wannan ne domin kalmar "babu aiki" da masu sa-kai suke faɗa ba ta nufin abu ɗaya. Allon da mutum yake kallo iri ɗaya ne a kowane hali, wato fili fetal ba komai a ciki, amma dalilan da suke haifar da shi sun bambanta ƙwarai, kuma maganin wani yana iya ƙara dagula wani.

Ga wanda bai saba da lamarin ba, BOINC manhaja ce da aka fara ginawa a shekarar 2002 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ƙarƙashin jagorancin David Anderson, bayan nasarar shirin SETI@home wanda ya fara a watan Mayun 1999 yana tace sautukan rediyo daga sararin samaniya. Ita kanta BOINC ba ta da wani bincike nata; hanya ce kawai da shirye-shirye masu zaman kansu suke bi su kai ga kwamfutocin jama'a. Einstein@Home, wanda ya fara a 2005, yana farautar wasu taurari masu juyawa da tsananin sauri, kuma cikin bayanan da yake tacewa har da na na'urar hangen nesa ta MeerKAT da ke Afirka ta Kudu. Rosetta@home na Jami'ar Washington yana nazarin siffar sinadaran furotin, kuma jagoran ɗakin binciken da ya kafa shi, David Baker, yana cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024. Akwai na hasashen yanayi a Oxford, akwai na cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai mai suna LHC@home, akwai wasu da dama. Kowane shiri yana da tasa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke rarraba ayyuka tana karɓar sakamako, da nasa ma'aikata, da nasa kasafin kuɗi, don haka bushewar ɗaya ba ta shafi sauran ba.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, ba a turo wa kwamfuta aiki haka kawai. Ita ce take zuwa ta roƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da asuba ya san yadda 'yan dako suke samun aiki. Sai mutum ya taso daga makwancinsa, sai ya iso bakin mota, sai mai kaya ya dube shi ya ga zai iya ɗaukar kwandon, sannan kuma sai motar ta iso daga Arewa da kaya a cikinta. Idan an ga ɗan dako zaune hannu rabbana, yana yiwuwa bai nemi aikin ba ne, ko hanya ta tare shi, ko an ƙi ba shi, ko kuwa motar ce ba ta zo ba. Haka lamarin BOINC yake, kuma a nan Legas na lura cewa zargi yakan faɗa kan motar da ba ta zo ba, alhali sau da yawa matsalar tana wajenmu.

Wurin da ake rarrabe waɗannan dalilai shi ne kundin da manhajar ta kira Event Log. Ana samunsa idan an koma cikakken fasalin manhajar, a ƙarƙashin sashen kayan aiki, ko kuma a danna Ctrl da Shift da E a tare. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi shirin da ake zargi, a danna maɓallin Update sau ɗaya, a jira kamar rabin minti, sannan a karanta layukan da suka fito a ƙasan kundin. Layi na farko da za a nema shi ne wanda ke faɗin ko manhajar tana neman sababbin ayyuka ko ba ta nema. Wannan layin kaɗai yana raba binciken gida biyu.

Idan kundin ya ce ba ta neman aiki, to babu amfanin zargin uwar garke, domin ba a tambaye ta komai ba. A gaban wannan layin manhajar takan rubuta dalilinta. Wani lokaci mai kwamfutar ne ya taɓa maɓallin da ke hana karɓar sababbin ayyuka ya manta, ko ya dakatar da shirin gaba ɗaya. Akwai kuma wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: idan ka dakatar da ƙullin aiki guda ɗaya tak da hannunka, manhajar ba za ta ƙara roƙon aiki daga wannan shirin ba har sai ka sake shi, domin a ganinta wanda ya ajiye kaya a ƙasa bai kamata a ɗora masa wani ba. Wani dalilin kuma shi ne rumbun ya cika da aikin wani shirin. BOINC tana da ma'auni biyu na tanadi, wato mafi ƙarancin aikin da za ta ajiye da kuma ƙarin da za ta ɗora a kai, kuma a saitin asali na farkon kashi ɗaya ne cikin goma na yini, na biyun rabin yini. Ba ta roƙo sai abin da ke hannunta ya gaza ƙaramin ma'aunin, kuma idan za ta roƙa tana fara zuwa wurin shirin da ya fi bin ta bashin lokaci. Saboda haka mai shirye-shirye uku yana iya ganin ɗaya ya yi kwanaki shiru, alhali manhajar tana daidaita rabo ne kawai.

Dalilin da ya fi damun mu a nan, a ganina, shi ne sakamakon da ya maƙale a hanya. Idan kwamfuta ta gama aiki, sai ta tura fayilolin sakamako zuwa uwar garke, sannan ta kai rahoto. Idan intanet tana yankewa, ko data ta ƙare a tsakiyar turawa, fayilolin sukan taru, kuma da zarar sun yi yawa manhajar takan daina neman sabon aiki daga wannan shirin. Haka nan idan wani fayil da ake saukewa ya tsaya cik. Ana duba wannan a shafin da ke nuna fayilolin da ke shiga da fita, inda za a ga kowane fayil da lokacin da za a sake gwada shi, kuma idan hanya ta dawo ana iya umartar manhajar ta sake gwadawa nan take. Wanda ya tuna da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har harkokin bankuna suka tsaya, ya san cewa hanyar da ta haɗa mu da uwayen garken da ke Turai da Amurka ba abin da za a ɗauka tabbas ba ce. Sannan mai tattalin data ya duba ko shi da kansa ya sanya iyakar abin da manhajar za ta ci a cikin kwanaki, domin idan an kai iyakar takan rufe hanyar ta yi shiru.

A nan ya kamata a bambanta rashin aiki da dakatar da aiki. Sau da yawa ayyukan suna nan a jere, amma an rubuta a gefensu cewa an dakatar. Idan an zaɓi a tsaya lokacin da kwamfuta ke kan batir, laftof takan ajiye aiki da zarar an ɗauke wuta. Idan wasu manhajojin sun ci fiye da kashi 25 cikin 100 na ƙarfin furosesa, BOINC takan ja da baya a saitin asali. A wayar Android sharuɗɗan sun fi tsauri: tana son wayar tana jone da caja, batir ya kai kashi 90 cikin 100, zafinsa kuma bai wuce digiri 40 ba, wanda a zafin watan Maris cikin shago mai rufin kwano ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ban ba da shawarar a ɗaga wannan iyakar zafin ba, domin kumburin batir ya fi rashin aiki tsada. Wani abin lura kuma, saitin da aka yi a cikin kwamfutar yana danne wanda aka yi a shafin shirin na intanet, don haka mutum yana iya yin ta gyara a shafin bai ga canji ba.

Idan kuwa kundin ya nuna manhajar ta nemi aiki amma saƙon ya gaza isa, to nan ne labarin Agege ya shigo. Galibin kwamfutocin da muke amfani da su tokumbo ne, irin waɗanda ake saye a Computer Village ta Ikeja, kuma a jikin allon kowace akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan babu wuta. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita kwanan wata yakan koma baya da shekaru. Ita kuwa amintacciyar hanyar sadarwa tana dogara ne da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfutar da take zaton tana wata tsohuwar shekara za ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi amincewa da ita. A shagon nan mun buɗe murfin akwatin, muka zare batirin da bakin sukundireba, muka sa sabo, muka gyara kwanan wata, kuma kafin ya mayar da murfin ayyuka sun fara sauka. Akwai wata matsala makamanciyar wannan da ta shafi tsohuwar manhaja. A ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata babbar takardar shaida da kamfanin Let's Encrypt ya dogara da ita ya ƙare, sai tsofaffin nau'o'in BOINC na Windows suka kasa magana da shirye-shirye da dama har sai da aka fitar da nau'i na 7.16.20. Duk wanda ya kwafo manhajar daga filashin wani, maimakon ya sauke sabuwa daga shafinta, yana iya faɗawa wannan ramin har yau. Sauran abubuwan da ke tare hanya, kamar manhajar kariya daga ƙwayar cuta ko shingen intanet na ofis, ana gane su ne ta hanyar gwada haɗa kwamfutar da intanet ta waya na ɗan lokaci.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, wato saƙo ya isa, uwar garke ta amsa, amma ta ce ba ta aiko da komai ba. A nan sai a karanta layukan da suka biyo baya, domin mai rabon aiki, wato sashen uwar garken da ke amsa roƙo, yakan faɗi hujjarsa. Yana iya cewa wurin ajiya bai isa ba, ko ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta yi kaɗan, har ya faɗi adadin da ya rage. Yana iya cewa babu aiki a nau'o'in binciken da ka zaɓa, alhali akwai a wasu, kuma gyaran wannan a shafin asusunka yake, inda za ka buɗe sauran nau'o'in ko ka yarda a ba ka wani idan naka ya ƙare. Wasu ayyukan, musamman yawancin na LHC@home, ba sa gudana sai da manhajar VirtualBox, ita kuma ba ta tashi sai an kunna damar VT-x ko AMD-V a cikin BIOS, wato saitin asali da ake shiga tun kwamfuta tana tashi, damar da a kwamfutoci da yawa a kashe take zuwa. Masu katin hoto, wanda BOINC ke iya yin lissafi da shi, su kuma su duba layukan farko-farko na kundin, waɗanda ake rubutawa lokacin da manhajar ta tashi, domin a nan take faɗin ko ta ga katin ko ba ta gan shi ba. Idan direban katin ba ya ɗauke da CUDA ko OpenCL, wato hanyoyin da ake sa katin yin lissafi, ko kuma an girka BOINC a matsayin hidimar bayan fage a Windows, ba za ta yi amfani da katin ba. Shirye-shirye da yawa kuma sun daina yin manhaja ga tsarin 32-bit.

Amma hujjoji biyu ne suka fi shafar mazauna Legas, kuma dukansu daga wutar lantarki suke tasowa. Ta farko ita ce wa'adi. Kowane ƙullin aiki yana zuwa da ranar da dole a mayar da shi, kuma manhajar tana ƙididdige kason lokacin da kwamfutar take kunne da kuma kason da aka bar ta ta yi lissafi, tana aika wa uwar garke wannan ƙididdigar. Idan mai rabo ya auna saurin kwamfutar da awannin da take samun wuta ya ga aikin ba zai ƙare kafin wa'adi ba, sai ya ƙi bayarwa, ya rubuta cewa ayyukan ba za su kammala a kan lokaci ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kuma ba a gyara shi da dannawa. Ana gyara shi da zaɓen shiri mai gajerun ayyuka ko mai dogon wa'adi, da rage yawan tanadin da ake roƙa. Hujja ta biyu ita ce kason yini. Uwar garke tana ƙayyade yawan ayyukan da za ta ba kowace kwamfuta a rana, tana rage shi idan kwamfutar tana mayar da aiki da kuskure, tana mayar da shi idan sakamako mai kyau ya ci gaba da zuwa. Kwamfutar tebur da wuta ke ɗaukewa a kanta ba sallama tana iya lalata fayil a daidai lokacin da ake rubuta shi, haka ma wadda ƙura ta toshe wa fanka har take zafi fiye da kima. Idan kurakuran suka jeru, kason yakan ragu har ya kusa ƙarewa, sai mai ita ya ga kamar shirin ne ya bushe. Shafin asusunka yana nuna kowane ƙullin da aka ba ka da yadda ya ƙare, kuma jerin kurakurai a wurin ya isa shaida cewa gyaran yana ga ƙaramin batirin tsare wuta na UPS, ko inbata, ko buroshin share fanka.

Sai bayan an kawar da duk waɗannan ne ake komawa ga motar da ba ta zo ba, kuma tabbas hakan yana faruwa. Kusan kowane shiri yana da shafin da ke nuna halin uwar garkensa, da adadin ayyukan da ke jiran a aika. Idan adadin sifili ne, an gama magana, sai haƙuri. Masu bincike ba sa ƙirƙirar aiki don kawai kwamfutocinmu su samu abin yi. Sai suna da tambayar da suke son amsawa. Shirin hasashen yanayi na Oxford yakan saki ayyuka kashi-kashi, a wawashe su, sannan a yi makonni ba komai. World Community Grid, wanda IBM ta kafa a 2004, ya tsaya a watan Fabrairun 2022 domin ƙaura zuwa Cibiyar Bincike ta Krembil a Toronto, kuma an shafe watanni kafin aiki ya dawo sosai. Folding@home, wanda yake da tasa manhajar daban ba BOINC ba, ya sami tururuwar masu sa-kai a watan Maris na 2020 lokacin korona, har uwayen garkensa suka kasa wadatar da kowa. Wasu kuma sun rufe ne baki ɗaya: SETI@home ya daina rabon aiki a ranar 31 ga Maris 2020, shirin malariacontrol.net da ke kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro ya ƙare a 2016, kuma har yanzu ana samun masu bin tsofaffin bayanai suna jona kwamfutocinsu da irin waɗannan suna jira.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne shafin ya nuna dubban ayyuka, amma a ce da kai babu. Dalili shi ne mai rabon ba ya ɗiba kai tsaye daga babban rumbu. Akwai wata ƙaramar ma'ajiya a gabansa da ake cikawa a kai a kai, wadda a saitin asali gurbi 100 ne a cikinta. Idan roƙonka ya zo daidai lokacin da wasu suka kwashe ta, ko abin da ke ciki bai dace da na'urarka ba, za ka dawo hannu wofi, kuma roƙo na gaba yana iya dacewa. Shi ya sa manhajar take jinkirta kanta bayan kowane rashin sa'a, daga 'yan mintuna tana ninkawa har ya kai kusan kwana guda. Danna Update ba ƙaƙƙautawa ba ya gaggauta komai, domin uwayen garke da yawa suna watsi da roƙon da ya zo kusa da na baya. Maɓallin Reset kuwa ya fi wannan illa, tunda yana zubar da duk aikin da ke hannu, har da wanda ya kusa kammala, ya goge fayilolin shirin a sake sauke su da datarka, su kuma masu binciken sai sun sake aika ayyukan ga wani.

Abin da nake ba kowa shawara a kai shi ne ya ajiye shirin ko-ta-kwana. A shafin asusun kowane shiri akwai lambar rabon lokaci, kuma idan aka mayar da ita sifili, BOINC ba za ta nemi aiki daga shirin ba sai lokacin da na'urar ta rasa abin yi daga sauran, sannan ta karɓi kaɗan daidai buƙata. Einstein@Home da PrimeGrid sun dace da wannan matsayi domin da wuya rumbunsu ya bushe. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu saboda kuɗin wuta. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya a watan Afrilun 2024, kwamfutar da ke cin wat 200 dare da rana ta koma tana lashe naira 1,080 a kullum, kuma ko ba ta lissafi tana ci gaba da jan wani kaso na wutar. A shagon Agege mun bar shirin da yake so a matsayin babba, muka ƙara Einstein@Home da rabon sifili, muka saita manhajar ta riƙa tanadin aikin rabin yini kawai domin kada wa'adi ya riske ta, shi kuma ya ɗauki al'adar kashe kwamfutar da hannunsa kafin ya rufe shago da daddare.